Lambobin yabon mazan jiya: yadda ake gano sojan da ke bayan tagullar

A gidaje da dama na Kano da Zariya da Bauci da Lokoja, har zuwa zangon Kumasi, idan aka zo rabon gado aka buɗe tsohuwar adakar gida, akan tarar da wasu 'yan ƙarafa uku ko huɗu a ƙulle cikin tsumma. Biyu ko uku taurari ne masu tsini shida, ɗaya kuma zagayayye kamar tsohuwar dala, da kan Sarkin Ingila Joji na Shida a jikinsa. Ƙyallayen da aka rataye su da su sun koɗe. Masu rabo sukan jujjuya su, su rasa kuɗin da za su yi musu, sai a ture su gefe. Daga nan su zama abin wasan yara, ko su faɗa buhun 'yan gwangwan, ko wani dillalin kayan tarihi ya karɓe su a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Waɗannan ƙarafa su ne lambobin yabo na yaƙi, waɗanda tsofaffin soja ke kira minda. A Landan kasuwa ce da su mai zaman kanta. Gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans suna sayar da su, akwai ƙungiyoyin masu tara su da mujallunsu, akwai kuma mutanen da ke ƙarar da shekaru suna tonon takardu don gano wanda aka bai wa minda guda. A wannan kasuwa nauyin ƙarfe ba ya sa kuɗi, labarin mai shi ne ke sawa.

A nan ne matsalar sojojinmu take. Daular Birtaniya ta kula ƙwarai wajen buga sunan gari da shekarar yaƙi a jikin ƙarfe, amma sau da yawa sunan baƙar fatar da ya ɗauki bindigar ya zo a gurgunce, ko ma bai zo ba sam. Duk da haka ana iya gano shi, in an san yadda ake karanta mindar da inda ake neman sauran bayanin.

Minda iri biyu ce

Abu na farko da mai bincike zai rarrabe shi ne mindar jarumta da mindar halartar yaƙi. Ta jarumta mutum ɗaya ake bai wa saboda wani abin bajinta da ya yi a rana kaza a wuri kaza. Hafsansa ne ke rubuta shawara, manya su amince, sannan a buga sunansa a jaridar gwamnatin Birtaniya, wato London Gazette. Mafi girma a cikinsu ita ce Victoria Cross. Ta halartar yaƙi kuwa duk wanda ya yi aiki a fagen da aka ƙayyade cikin kwanakin da aka ƙayyade yana da ita, ko ya harba bindiga ko dafa abinci ya yi. Ita ce aka fi samu a gidajenmu.

Al'adar ta samo asali ne daga yaƙin Waterloo na 1815. Mindar da aka yi dominsa ita ce ta farko da gwamnatin Birtaniya ta bai wa kowane sojan da ya halarci fage, babba da ƙarami, kuma aka buga sunan kowa a kaurin bakinta. Tun daga nan masu tarawa suka koyi duba wurare uku. Fuskar minda tana nuna sarkin da ke kan gado, ta haka ake sanin zamani. Launin ƙyalle yana nuna wane yaƙi ne. Sai ɗan allon ƙarfe da ake gittawa a kan ƙyallen, wanda ke ɗauke da sunan wuri ko shekara. Idan an yi sa'a, a kaurin baki ko a baya za a ga lambar rajistar sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa.

Kano, Sakkwato da Burmi a jikin azurfa

Rundunar Sojan Nijeriya tana danganta asalinta da shekarar 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Legas, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka a farkon nan bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, kuma sunan Hausa a bakin Turawa ya haɗa duk wanda ke jin harshen, ko Babarbare ne ko Banufe ko Bagwari. A 1897 aka ɗora wa Frederick Lugard kafa rundunar tsaron Afirka ta Yamma, wadda aka sani da WAFF, ta koma RWAFF a 1928. Hausa ce harshen bariki da na ba da umarni a bataliyoyinta na Nijeriya, abin da ya haifar da Hausar da ake kira Barikanci.

Mindodin farko na wannan zamani ba su ɓoye bambancin da ke tsakanin mutane ba. Kamfanin Royal Niger, wanda ya ci Bida da Ilori da yaƙi a 1897, ya buga mindarsa iri biyu: ta azurfa ga Turawa, da sunayensu, ta tagulla ga baƙaƙen dakaru, da lambar rajista kawai.

A 1902 aka ƙirƙiro mindar da ake bayarwa don ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka, mai suna Africa General Service. Allunan da ake gittawa a kanta tamkar jadawalin faɗuwar garuruwanmu ne. Allon da aka rubuta wa "N. Nigeria 1903" na waɗanda suka yi yaƙin Kano da Sakkwato ne. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris, sannan a Burmi, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Allon "N. Nigeria 1906" ya ƙunshi Satiru, inda aka shafe gari aka kashe kimanin mutum 2,000 a watan Maris, da Haɗeja, inda aka kashe Sarki Muhammadu a watan Afrilu.

Wajibi ne mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani, domin rundunar da Kanar Morland ya shiga Kano da ita tana da baƙaƙen sojoji fiye da 700, Turawa kuwa ba su kai 50 ba. Hannuwan da suka harba igwa a kan ganuwar Kano yawancinsu na 'yan ƙasa ne. A Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yau, inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a wannan shekara, an bai wa Laftanar Wallace Wright lambar Victoria Cross. Takardar yabonsa ta ce yana tare da hafsa ɗaya da sojoji 44. An san sunan Wright, an san inda aka haife shi da inda ya mutu, har ɗan majalisar dokoki ya zama daga baya. Mutum 44 ɗin nan kuwa adadi suka zama a cikin labarin wani. Waɗanda suka faɗi a ɗaya ɓangaren ba su da minda ko ɗaya, sai abin da waƙoƙi da bakin tsofaffi suka riƙe.

Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan minda a gidansu bai tsinci abin alfahari zalla ba, bai kuma tsinci abin kunya zalla ba. Shaida ya tsinta ta yadda mulkin mallaka ya yi aiki: da kuɗi kaɗan, da Turawa kaɗan, da talakawan da tsohon tsari bai bar musu wata mafita ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya: suna ya bayyana, amma wane suna?

Harsashin farko da wani sojan Birtaniya ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Togo aka harba shi, cikin Agustan 1914, kuma wanda tarihi ya danganta wa shi ne Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wato Gana ta yau. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 har zuwa Fabrairun 1916, lokacin da Jamusawan da ke kan dutsen Mora suka miƙa wuya. Daga nan aka kwashi birged guda zuwa Afirka ta Gabas don fuskantar Janar von Lettow-Vorbeck, inda suka yi mummunar asara a Mahiwa cikin Oktoban 1917.

Mindodin wannan yaƙi uku ne: tauraron 1914-15, da mindar yaƙi ta Birtaniya, da mindar nasara. Dukansu ana buga musu suna da lambar rajista da runduna, abin da ya sa suka fi sauƙin bincike. Ko a nan ma akwai mataki biyu. An buga mindar yaƙi ta azurfa kimanin miliyan 6.5, aka kuma buga ta tagulla kimanin 110,000 domin rundunonin leburori, waɗanda akasarinsu ba Turawa ba ne.

Sunan da ke jikin ƙarfen shi ma yana buƙatar fassara. Malamin da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka, ya liƙa masa garin da mutum ya ce ya fito ko ƙabilarsa. Grunshi ba sunan uba ba ne, sunan wata al'umma ce ta arewacin Gana. Haka kundayen Nijeriya suka cika da Musa Kano da Garba Sakkwato da Audu Bauci, a bataliya guda ma a sami masu suna iri ɗaya da yawa. Rubutun kuma yadda kunnen Bature ya ji ne: Muhammadu ya koma Momadu ko Momo, Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Katsina ta koma Katsena. Wasu kuma da gangan suka ba da sunan da ba nasu ba, don kada ubangida ko dangi su biyo sawu. Shi ya sa a wannan bincike lambar rajista ta fi suna amfani. Suna yana maimaituwa, yana kuma canzawa daga takarda zuwa takarda, amma lamba tana bin mutum ɗaya.

Misalin abin da ake samu idan takardu suka haɗu shi ne Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin tutar Jamus a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi, ya shiga rundunar Nijeriya a 1917, ya kai muƙamin babban samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Burma, ya sami mindar jarumta, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. An san wannan duka ne domin ya daɗe a aiki kuma ya yi fice. Dubban da suka yi shekara uku ko huɗu suka koma gona ba su sami wannan gata ba.

Habasha da Burma: taurari marasa suna

Mindodin da aka fi samu a adakokinmu na Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. A Fabrairun 1941 birged ta 23 ta Nijeriya ta ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya, sannan ta keta fiye da mil 1,000 zuwa Harar a Habasha cikin kimanin wata guda. Wanda ya yi wannan yaƙi yana da Tauraron Afirka, mai ƙyalle ruwan yashi da jan layi a tsakiya.

Bayan haka aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su yaƙi da Japan a Burma, wato Myanmar ta yau. Kimanin mutum 90,000 suka tafi daga yankin, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, cikin dajin da mota ba ta shiga, jiragen sama na jefo musu abinci da harsasai, 'yan dako na ɗauka a ka. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung. Wanda ya je can yana da Tauraron Burma, mai jan ƙyalle a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, wanda ake bayarwa don aiki tsakanin 11 ga Disamban 1941 da 2 ga Satumban 1945.

Sunayen waɗannan fagage suna nan a gabanmu kullum ba mu lura ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya, da na Letmauk a Ibadan, da na Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, duk daga yaƙin Burma suka samo suna. Barikin Dodan, inda aka mulki Nijeriya shekara da shekaru a zamanin soja, sunan wani wuri ne a Burma. Barikin Mogadishu na Abuja kuma tunawa ne da 1941.

Sai dai duk wanda ya juya bayan Tauraron Burma zai tarar da shi fayau. Gwamnatin Birtaniya ta yanke shawarar raba mindodin wannan yaƙi ba tare da buga suna ba, domin rage kuɗi da lokaci. Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya sun buga wa nasu sojojin suna. Adalci ne a faɗa cewa hukuncin ya shafi Baturen Ingila kamar yadda ya shafi Bakano. Bambancin yana cikin abin da ya biyo baya. Iyalin Bature suna da takardar haihuwa da adireshi da wasiƙu da hotuna da za su haɗa da tauraron. A gidanmu kuwa, da zarar tauraro ya rabu da takardar sallamar mai shi, ya zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe, ba wanda zai iya cewa na wane ne har abada. Wannan shi ne dalilin da ya sa sayar da shi shi kaɗai, ko raba mindodin mutum guda tsakanin magada, yake daidai da yaga shafi daga littafi.

Yadda ake bin sawu

Bincike daga gida yake farawa. A nemi littafin sallama, da katin fansho, da katin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, da duk wani hoto mai rubutu a baya. Abin da ake nema shi ne lambar rajista. Ta sojojin Nijeriya a Yaƙin Duniya na Biyu tana farawa da NA, ta Gana da GC, ta Saliyo da SL. A ɗauki hoton komai da waya, gaba da baya, tun kafin gara ko damina su riga mu.

Na biyu, a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, a naɗi muryarsu. Su ne suka san sunan da ake kiransa da shi a bariki, da shekarar da aka ɗauke shi, da ko da son ransa ya tafi ko hakimi ne ya ba da shi don cika adadin da Turawa suka yanka wa ƙasa, da abokan da suka dawo tare. Kalma guda kamar Kaladan ko Arakan da ta maƙale a bakin wata kaka tana iya nuna rundunar da za a nema.

Na uku, idan mutumin bai dawo ba, a duba shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wato CWGC. Kyauta ne, kuma ana iya nema da suna ko lamba ko runduna. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon akwai dogon bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. A gwada rubutun suna iri-iri kafin a fid da rai.

Na huɗu, ma'adanar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew. Kundayen da aka yi wa lamba WO 100 na rajistar mindodin halartar yaƙi ne irin na 1903 da 1906. WO 329 da WO 372 na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. WO 373 ya ƙunshi shawarwarin ba da mindar jarumta tun daga 1935, kuma a nan ne akan sami shafin da hafsa ya bayyana abin da kofur ko saje ya yi a ranar da ya yi shi. WO 172 kuwa littattafan aikin yau da kullum ne na rundunonin da suka yi yaƙin Burma. Waɗannan littattafai sun fi ambaton hafsoshi da suna, su ambaci sauran da adadi, amma suna nuna inda bataliya take a kowace rana. Wanda ya san bataliyar kakansa zai iya bin tafiyarsa ƙauye bayan ƙauye.

Na biyar, kada a raina abin da ke kusa. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna riƙe da takardun larduna na zamanin da ake ɗaukar soja ta hannun sarakuna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yi shekarun yaƙin tana kawo labarinsa da Hausa.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar hanyar daban ce, domin kakanninsu a ƙarƙashin tutar Faransa suka yi yaƙi, cikin rundunar da ake kira Tirailleurs sénégalais ko da mutum bai taɓa ganin Senegal ba. Ma'aikatar tsaron Faransa tana da shafin Mémoire des hommes mai sunayen waɗanda suka mutu, takardun aikin sojojin tsofaffin ƙasashen mallaka kuma suna cibiyar adana takardun soja da ke garin Pau.

Kasuwa da tarkonta

Ba a zargin masu tara mindodi da komai don sun tara. Da yawa daga cikin abin da aka sani game da ƙananan sojojin WAFF su ne suka tono shi, kuma tsofaffin kundayen gwanjo da ke intanet sun zama wata ma'adana, inda za a ga hoton minda da suna da lamba. Amma kasuwa tana da nata ma'auni. Mindar hafsan Bature mai hoto da wasiƙu da tarihin makaranta ta fi ta farabitin Afirka tsada, ko da a fage guda suka tsaya, domin ɗaya yana da labari a rubuce, ɗaya ba shi da shi. Rashin adalcin da aka yi wajen rubutu shi ne ya koma farashi.

Akwai kuma jabu. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu an kwaikwaye su da yawa. Akwai masu goge sunan asali da magagari su buga wani, abin da ake ganewa idan bakin mindar ya fi siriri a gefe guda ko haruffan ba su daidaita ba. Wanda ke da ta gado kada ya goge ta da toka ko man goge ƙarfe, domin gugar tana cinye rubutun da ake nema. Kada ya jefar da tsohon ƙyalle don ya koɗe. A nannaɗe ta a busasshen wuri tare da takardunta, a rubuta sunan mai ita da garinsa da lambarsa a saka ciki.

Abin da ya sa maganar ta wuce sha'awa

Rashin suna yana da sakamako a aljihu da kuma a kabari. A 2019 binciken ɗan jarida Jack Losh ya fito da takardar 1945 da ta nuna kuɗin sallamar da aka tsara wa rundunonin Afirka ta Gabas: farabiti Bature sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya sule uku da sisi. A Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar CWGC ta kafa da kanta ya gano cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alamar tunawa ba. Rahoton ya kawo yadda gwamnan Gold Coast, Gordon Guggisberg, ya nuna a 1923 cewa talakan ƙasar ba zai san darajar dutsen kabari ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a majalisa. Babu abin da ya kawo wannan neman gafara sai tonon takardu, musamman na Farfesa Michèle Barrett, da shirin talabijin da ɗan majalisa David Lammy ya gabatar a 2019.

Su kansu mazan jiyan ba su yi shiru ba. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamban 1944, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan tirailleurs da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi na cewa sun fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugabanta ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji sun yi tattaki zuwa fadar gwamna a kan fansho da alkawuran da ba a cika ba, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Gana a 1957. An san sunayen mutum ukun nan, shi ya sa har yau ake tsayawa a wurin kowace shekara.

A Nijeriya an mayar da ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. Tun bayan 'yancin kai sojojin ƙasar sun je Kwango a 1960, sun je Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, sun shafe fiye da shekara goma suna yaƙi a Arewa maso Gabas, daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai. Tambayar da ta dace matashi ya yi wa wakilinsa a majalisa mai sauƙi ce: a ina ɗan da aka haifa bana zai je, nan da shekara 30, ya buga sunan mahaifinsa ya ga bataliyarsa da ranar da ya faɗi da inda aka binne shi? Turawan mulkin mallaka suna da dalilinsu na ƙin damuwa da sunayenmu. Ƙasa mai 'yanci ba ta da wannan uzuri. Rajistar da kowa zai iya dubawa, mai sunan kowane sojan da ya mutu a bakin aiki, abu ne da doka guda da ƙaramin kasafi za su iya samarwa.

Kafin a kai ga haka, akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. Waɗanda suka je Burma kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun manyanta. Wanda ke da adaka a gida ya buɗe ta a wannan makon, ya ɗauki hoton abin da ke ciki, ya nemi lambar da ta fara da NA, sannan ya ɗauki tauraron ya kai wa wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ya tambaye ta sunan mai shi na gaskiya.